Gardamar Idin Ƙetarewa: Sa'ad da Kowane Ɓangare Ya Ce Daga Manzanni Ya Karɓa

Duk wanda ya daɗe a aikin ikkilisiya ya taɓa jin wannan magana a zaman dattawa: "Haka muka tarar ana yi." Sau da yawa da ita ake rufe bakin kowa. A ƙarni na biyu Kiristoci suna da wadda ta fi ta nauyi, wato su ce, "Haka manzanni suka bar mana." To, yaya za a yi idan ikkilisiyoyi biyu masu aminci suna yin abu dabam-dabam, kowace kuma tana jingina nata ga manzanni? Wannan ya faru a kan ranar da ya kamata a yi Idin Ƙetarewa na Kirista, wanda yau muke kira Ista. A wannan darasi za mu bi labarin, mu ga abin da yake koya mana game da ikon manzanni.

Tushen bambancin

Gardamar ba ta shafi taron Lahadi na kowane mako ba. A kan idin shekara-shekara ne, da ranar da za a gama azumin da ke gabansa.

Ikkilisiyoyin lardin Asiya, a yammacin ƙasar Turkiyya ta yau, suna gama azumi su yi idin a rana ta 14 ga watan Nisan na Yahudawa, ranar da ake yanka ɗan ragon Ƙetarewa (Fitowa 12:6). Ko ta faɗo Talata ko Juma'a, a ranar za a yi. Shi ya sa daga baya aka laƙaba musu suna da Latin mai ma'anar 'Yan Sha Huɗu. Suna da madogara a Nassi, gama Bulus ya kira Almasihu ɗan ragonmu na Ƙetarewa (1 Korintiyawa 5:7), Bisharar Yohanna kuma ta nuna an gicciye Yesu a ranar shirin idin (Yohanna 18:28; 19:14).

Roma da ikkilisiyoyi da yawa a wasu wurare kuwa sun ce ba a gama azumin sai ranar Lahadi, domin a ranar farko ta mako Ubangiji ya tashi daga matattu. Su ma suna da madogara, tunda dukan Bisharu huɗu sun shaida haka.

Folikaf da Anisetus

Wajen shekara ta 155, Folikaf bishof na Simirna, garin da yau ake kira Izmir, ya ziyarci Roma. Tsoho ne tukuf a lokacin, an kuma san shi da cewa ya zauna da manzo Yohanna. Suka tattauna batun da Anisetus, bishof na Roma. Folikaf ya ce ba zai bar abin da ya yi tare da Yohanna da sauran manzannin da ya sani ba. Anisetus ya ce shi ma dole ya riƙe al'adar dattawan da suka riga shi. Babu wanda ya rinjayi ɗan'uwansa.

Duk da haka ba su ɓata ba. Anisetus ya ba Folikaf ya jagoranci Jibin Ubangiji a ikkilisiyar Roma don girmamawa, suka rabu lafiya, kowa ya ci gaba da nasa.

Biktor da Folikiratus

Bayan shekara kusan 40 iska ta juya. A zamanin Biktor, wanda ya zama bishof na Roma wajen 189, aka yi tarurrukan shugabanni a Falasɗinu, da Fontus, da Roma, da ƙasar Gol wadda ita ce Faransa a yau, da wasu wurare. Duk suka tsaya a kan Lahadi. Asiya ta ƙi.

Folikiratus, bishof na Afisa, ya rubuta wa Biktor a madadin bishof-bishof na Asiya. Hujjarsa ita ce jerin manyan masu bi da suka yi barci a ƙasarsu: Filibus da 'ya'yansa mata a Hirafolis, Yohanna a Afisa, Folikaf a Simirna, Melito a Sardisu, da wasu. Ya ce dukansu rana ta 14 suka kiyaye. Ya ƙara da cewa mutum bakwai daga danginsa sun yi bishof, shi ne na takwas, yana da shekara 65 cikin Ubangiji, barazana kuma ba za ta tsorata shi ba. Ya dogara ga amsar manzanni a Ayyukan Manzanni 5:29 game da yi wa Allah biyayya fiye da mutane.

Biktor ya fusata, ya aika wasiƙu yana neman a yanke dukan ikkilisiyoyin Asiya daga zumunci. Amma shugabanni da yawa, har da waɗanda suka yarda da shi a kan Lahadi, ba su goyi bayan wannan mataki ba. Fitaccensu shi ne Iraniyus, bishof na Liyon a Gol. Shi ɗan Asiya ne, tun yana yaro ya saurari koyarwar Folikaf, amma Lahadi yake kiyayewa. Ya tuna wa Biktor cewa ko tsawon azumin ma ba ɗaya ba ne: wasu kwana ɗaya suke yi, wasu biyu, wasu fiye, wasu sa'a 40, kuma tun zamanin kakanni haka yake ba tare da an rabu ba. A ganinsa bambancin azumin ma shaida ne cewa bangaskiyar ɗaya ce. Sa'an nan ya kawo labarin Folikaf da Anisetus, don Biktor ya ga yadda magabatansa a Roma suka yi.

Yadda muka san labarin

Ya kamata ɗalibin tauhidi ya san inda bayani ya fito. Wasiƙun Folikiratus da Iraniyus sun iso mana ne ta gutsattsarin da Yusibiyus na Kaisariya ya kwafa a littafinsa na tarihin ikkilisiya a farkon ƙarni na huɗu. Shi kansa mai goyon bayan Lahadi ne. Har yau masana suna muhawara a kan wace al'ada ta fi daɗewa. Da yawansu suna ganin ta Asiya ce, tunda masu bi na fari Yahudawa ne da suka saba da idin. Akwai ma masu ganin cewa a zamanin Anisetus Roma ba ta yin idin shekara ko kaɗan, taron Lahadi kawai take yi.

Wasiƙar Folikiratus kanta ta nuna mana raunin labarin baka. Ya kira Filibus ɗaya daga cikin sha biyun, alhali Filibus mai 'ya'ya mata annabiya da muka sani a Ayyukan Manzanni 21:8-9 mai bishara ne, ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan. Mai yiwuwa an haɗa mutum biyu aka mai da su ɗaya. Mutum yana iya zama mai gaskiya, abin da aka ba shi kuwa ya riga ya sāke a hanya.

Majalisar Nikiya ta 325 ta tsai da cewa kowa ya yi idin tare a ranar Lahadi, ba tare da dogara ga lissafin Yahudawa ba. Waɗanda suka nace wa rana ta 14 aka lissafa su cikin masu karkatacciyar koyarwa, abin da ba a taɓa cewa da Folikaf ba. A ƙarni na biyar wani marubucin tarihi mai suna Sokiratis ya lura cewa 'Yan Sha Huɗu suna kama sunan Yohanna, mutanen Roma suna kama Bitrus da Bulus, amma babu ɓangaren da ya iya kawo rubutacciyar shaida. Ko yau ɗin ma ba a gama daidaitawa ba, gama ikkilisiyoyin Otodoks na gabas suna lissafi da tsohuwar kalanda, shi ya sa a yawancin shekaru ranar Istarsu dabam take da tamu.

Abin da ya shafe mu

Manzanni sun bar mana shaida a rubuce cewa Almasihu ya mutu domin zunubanmu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku (1 Korintiyawa 15:3-4). A kan wannan Biktor da Folikiratus ba su da saɓani. Amma babu inda Sabon Alkawari ya umarta a yi idin shekara, balle ya sa masa rana. Bulus ma ya gargaɗi masu bi kada su hukunta juna a kan ranaku (Romawa 14:5-6, Kolosiyawa 2:16). Kuskuren Biktor shi ne ya ɗauki hukuncin da ya dace da musun bishara ya ɗora a kan al'ada.

Wannan ba ya nufin al'ada banza ce. Folikaf bai yar da tasa ba, Iraniyus kuma bai ce wa Asiya ko Roma su bar tasu ba. Ikkilisiya tana da 'yancin tsara sujadarta, tsari kuwa yana kawo zaman lafiya. Sai dai mu shugabanni mu kira kowane abu da sunansa. In Nassi ne, mu nuna sura da aya. In abin da muka gāda ne daga mishan ko daga iyayenmu, mu faɗi haka, mu ba da dalilin da ya sa muke ganin yana da amfani. Kafin kuma mu hana wani jibi a kan tsarin sujada, ko kayan kiɗa, ko kwanakin azumi, mu tuna da teburin da Anisetus ya miƙa wa baƙon da ya kasa rinjaya.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa ne a sujadarmu ta Lahadi muke da umarninsu a Nassi, waɗanne ne kuma gādo?

2. Iraniyus ya yarda da Biktor a kan rana amma ya ƙi hukuncinsa. Yaya fasto zai yi haka a majalisa ba tare da rena na gaba da shi ba?

3. A wane irin batu ne ya wajaba ikkilisiya ta yanke mutum daga zumunci?