Lauya a Kotunan Dutsin-Ma da Kurfi: Kariyar Mai Laifi ko Kariyar Shari'a?

Har yau mutane da yawa a Dutsin-Ma da Kurfi suna kallon lauya a matsayin wanda ake biya ya mayar da ƙarya gaskiya. Wannan kallo yana da tarihi. A zamanin En'e doka ba ta barin lauya ya tsaya a kotun alƙali, sai bayan tsarin mulkin 1979 ƙofar ta buɗe sosai, don haka kakanninmu sun saba mutum ya faɗi maganarsa da bakinsa. To amma shari'ar yau ta rubutacciyar doka ce mai sassa da wa'adi da ƙa'idojin shaida, kuma wanda bai san su ba yana iya rasa haƙƙinsa alhali shi ne mai gaskiya. Aikin barista shi ne ya tsare kotu da 'yan sanda a kan bin waɗannan ƙa'idoji, kuma talaka ya fi kowa buƙatar hakan.

Kafin mutum ya amsa sunan barista sai ya yi shekara 5 yana karatun doka a jami'a, kamar ta Ahmadu Bello a Zariya ko ta Bayero a Kano ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, sannan ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda. A Ingila an raba aikin biyu, mai tsayawa gaban alƙali daban, mai shirya takardu daban. A Najeriya mutum ɗaya ke ɗauke da duka. Wanda zai yi aiki a Katsina kuwa nauyinsa ninki ne, domin tun da jihar ta koma aiki da shari'ar Musulunci a fannin laifuka a 2000, dole ya iya tsayawa a kotun majistare da babbar kotu, ya kuma iya buɗe littattafan fiƙihu irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa a kotun shari'a.

A fannin laifuka, aikin yana farawa ne tun a ofishin 'yan sanda. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya, ya kuma wajabta a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Sashe na 36 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Manomin da aka ɗauko daga ƙauye bai san wannan ba, sai ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba, kuma da yawansu abin da suka rasa shi ne mai neman musu beli.

Mai ƙorafi zai ce yankin da 'yan bindiga suka addaba, daga Kurfi zuwa Safana da Batsari, ba ya buƙatar mai kare ɓarayin daji. Zafin da ke cikin wannan magana gaskiya ne. Sai dai a irin wannan yanayi ne zargi ya fi arha. Kalmar infoma kaɗai ta isa ta jefa mutum a ɗaure, ko da tushenta rikicin gona ne ko tsohuwar gaba. Idan aka ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba, mai laifin na ainihi yana nan a daji, garin bai ƙaru da komai ba. Tambayoyin da lauya ke yi wa shaida su ne ke tace zargi har a gane wanda ke da hujja. Dokar aikinsa ma ta hana shi yaudarar kotu ko kawo shaidar da ya san ta ƙarya ce, kuma akwai kwamitin ladabtarwa da ke iya soke sunansa.

Shari'ar Amina Lawal ta isa misali. A Maris 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa bisa zargin zina, babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar a Agusta. Lauyoyinta, ciki har da Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, ba su yaƙi shari'ar Musulunci ba, da ita suka kafa hujja: mai iƙirari yana da damar janyewa, mazhabar Malikiyya ta yarda ciki yana iya kwanciya shekaru bayan saki, kuma alƙalin farko ya zauna shi kaɗai saɓanin yadda doka ta tsara. Ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke hukuncin da rinjayen alƙalai huɗu cikin biyar.

A fannin iyali kuwa ana cewa lauya mai raba zumunci ne, sulhu a zauren mai unguwa ya fi. Lallai sulhu alheri ne, kuma lauyan kirki shi yake fara nema. Amma sulhun da aka yi da wadda ba ta san haƙƙinta ba danniya ce da aka sa wa suna mai daɗi. Sakakkiyar da ba ta san cewa a Malikiyya riƙon yara nata ne, ɗa namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyarwa kuma a wuyan uba, za ta miƙa 'ya'yanta tana kuka. Haka marayun da baffa ya riƙe musu gona da sunan kulawa. Shi ma alƙali ɗan Adam ne, yana iya yanke hukunci bai yi i'izari ba, wato bai tambayi mutum ko yana da sauran hujja ba, kuma lauya ne zai gane cewa wannan kaɗai ya isa a rushe hukuncin a sama. Fiƙihu kansa ya halatta wakilci a husuma tun kafin zuwan Turawa.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na kuɗi da yawan ɗage zama. Akwai lauyoyin da ke jan shari'a don aljihunsu, kuma galibinsu sun fi son zama a birnin Katsina. Maganin wannan shi ne a kusanto da aikin ga jama'a. Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, an yi ta ne domin marasa hali, kuma ya kamata hakimai da limamai su riƙa nuna wa mutane hanyarta. Ya kamata kuma 'ya'yan yankin da suka karanta doka su buɗe ofisoshi a Dutsin-Ma da Kurfi, ta yadda wanda aka kama da dare zai samu mai tsaya masa kafin a rubuta jawabinsa da safe.