Saƙon Gado a Cikin Ƙwayar Iri: Darasi Daga Waken SAMPEA 20-T

Gabatarwa

Kowane manomi ya san cewa idan ya shuka farin wake, farin wake zai girba. Abin da ke tabbatar da haka shi ne sinadarin gado da ake kira DNA, wanda ke cikin ƙwayoyin halittar tsiro da dabba da mutum. Wannan ƙasida za ta bayyana wa malaman gona yadda yake aiki, domin su amsa tambayoyin manoma.

Ƙirar sinadarin

DNA zare biyu ne da suka murɗe kamar tufkar igiya. Watson da Crick ne suka bayyana wannan ƙira a 1953 a Ingila, da taimakon hotunan Rosalind Franklin. A jikin zaren akwai sinadarai huɗu da ake wa laƙabi da A, T, G da C. Kullum A na haɗuwa da T, G kuma da C. Saboda haka idan ƙwayar halitta za ta rabu biyu, zaren na warwarewa, kowane ɓari ya zama ma'aunin ƙera abokinsa. A wake, zaren yana naɗe cikin ƙunshi 22, rabi daga ɓangaren uwa, rabi daga ɓangaren uba.

Yadda saƙo ke tafiya

1. Ana kwafe wani yanki na DNA zuwa RNA, wanda zare ɗaya ne, kuma U ke maye gurbin T a cikinsa.
2. Ana karanta RNA haruffa uku-uku. Kowane uku na nuna tubali ɗaya daga cikin tubala 20 da ake gina furotin da su.
3. Furotin ne ke gudanar da ayyukan da ke fito da halaye, kamar launin ƙwaya da jure cuta.

Misali daga Samaru

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da SAMPEA 20-T a 2019. An saka masa ƙwayar gado daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa mai suna Bt. Tsiron na karanta saƙon, ya ƙera furotin da ke kashe tsutsar maruka mai cin fure da kwanso. Wannan ya rage yawan feshi daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu.

Abin lura

Furotin ɗin ba ya maganin darɓa ko ƙwarin da ke tsotse kwanso, don haka kada a bar feshin nan biyu. Haka kuma bai hana ƙwarin rumbu huda wake ba. Fatake masu kai wake Kasuwar Relief a Anacha, ko Fatakwal da Inugu, su busar da shi sosai, su zuba a buhu mai hana iska shiga. Manomi kuwa ya sayi iri daga amintaccen dillali, kuma kada ya gauraya shi da wani.