Idan jirgin 'yan yawon buɗe ido ya wuce bai tsaya ba, wa ke kwana da asara?

Ranar Litinin 1 ga Afrilun 2024, cikin goman ƙarshe na azumi, aka sa ran wani katafaren jirgin ruwa mai suna Norwegian Dawn zai tsaya a tashar Banjul, babban birnin Gambiya. Jirgin na 'yan yawon buɗe ido ne, tsawonsa ya kusa mita 300, yana kuma ɗaukar fasinja sama da 2,000. Ya taso daga Cape Town ta Afirka ta Kudu zai je Barcelona ta Sifaniya, tafiyar mako uku, yana yada zango a tashoshin da ke gaɓar Afirka.

Bai tsaya ba. Kamfanin da ke da shi ya ce rashin kyawun yanayi, haɗe da lokacin cikowa da janyewar ruwan teku, su suka hana shi shiga tashar lafiya. Ya zarce Dakar, ya isa washegari.

Labarin ya zaga duniya, amma ba don Banjul ba. Kwana biyar kafin nan, ranar 27 ga Maris, wasu fasinjoji takwas, Amurkawa shida da 'yan Ostareliya biyu, sun makara wajen dawowa daga yawo a tsibirin Sao Tome, jirgin ya tafi ya bar su. Suka bi ta sama da ƙasa, ƙasa bayan ƙasa, har suka isa Banjul don su tare shi. Suna can aka ce ba zai shigo ba. Dole suka sake ɗaukar hanya zuwa Senegal, inda suka hau ranar 2 ga Afrilu. Kamfanin ya ce zai biya su kuɗin da suka kashe daga Banjul zuwa Dakar.

Kafofin yaɗa labaran Amurka da Turai sun yi kwanaki suna bin sawun mutum takwas ɗin nan. Waɗanda ba a cika jin labarinsu ba su ne masu jiran jirgi a kan tudu: direbobin tasi da na bas, 'yan rakiyar baƙi, masu kiɗa da rawar tarba, da masu rumfunan kayan tsaraba irin na Kasuwar Albert. Ga irin waɗannan mutane, zuwan jirgi ɗaya kasuwa ce ta sa'o'i shida zuwa takwas, wadda ake shirya mata tun kwanaki. Sarƙar masu cin abinci a wannan kasuwa kuwa doguwa ce, ta kai har Yamai, birnin da ke nesa da teku da kilomita kusan 1,000.

Me ke sa kyaftin ya ƙi shiga?

Wanda ke tsaye a bakin teku yana iya ganin rana tarwai, babu hadari babu ruwan sama, a ce masa wai yanayi ya hana jirgi tsayawa. Zai ɗauka wasa ake yi da hankalinsa. Amma abin da kyaftin ke dubawa daban ne.

Na farko iska. Jirgin yawon buɗe ido kamar bene ne mai hawa goma sha wani abu da aka ɗora kan ruwa. Idan yana gudu a tsakiyar teku, iska ba ta cika damunsa ba. A bakin tasha kuwa dole ya rage gudu sosai, kuma a lokacin ne iskar da ke bugun gefensa ke iya tura shi kan dutse ko kan wani jirgin. Manyan tashoshi suna da jiragen ja masu ƙarfi da ke riƙe shi, ƙananan tashoshi ba kowacce ke da isassu ba.

Sai zurfin ruwa. Gindin jirgi irin Norwegian Dawn yana nutsewa kimanin mita 8. Tashar Banjul tana bakin Kogin Gambiya ne, inda yashi ke taruwa a mashiga, don haka babban jirgi kan jira ruwa ya ciko kafin ya ratsa. Ruwan teku yana cikowa sau biyu a yini. Idan iska ta sa aka rasa wannan dama, sai an jira sa'o'i masu yawa, ga kuma tasha ta gaba da aka riga aka kama gurbi a cikinta.

Akwai kuma wuraren da jirgin ba ya matsowa gaɓa sam, kamar Sao Tome. Yakan tsaya nesa, a riƙa kwaso fasinja a ƙananan jirage masu inji. A nan igiyar ruwan da ba ta kai tsayin mutum ba ta isa ta soke komai, domin yawancin masu irin wannan doguwar tafiya dattawa ne, kuma taka ƙafa daga babban jirgi zuwa ƙarami alhali yana sama yana ƙasa ba abin wasa ba ne.

Gaɓar Tekun Gini ta daɗe da wannan suna. Kafin a gina tashoshin zamani, Takoradi a 1928, Tema a 1962, Kwatano a 1965 da Lome a 1968, jirage nesa suke tsayawa a yawancin garuruwan gaɓar, a yi ta jigilar mutane da kaya a kwale-kwale cikin igiyar ruwa. Gadar sauke kaya da Jamusawa suka gina a Lome a 1904, teku ce ta karya ta a 1911. A zamanin yau ma, hazon hunturu tsakanin Disamba da Fabrairu kan rage nisan gani, guguwar farkon damina kuma kan taso ba sallama.

Wanda ke ganin tsoro ne ya yi wa matuƙan yawa, ya tuna abin da ya sami jirgin Spirit of Discovery na Burtaniya a Nuwamban 2023. An soke tsayawarsa a Las Palmas saboda guguwa na tafe, aka nufi La Coruna ta Sifaniya, sai aka rufe tashar. Kyaftin ya yanke shawarar komawa gida, guguwar ta riske su a Mashigin Biscay ranar 4 ga wata. Daga cikin fasinja kusan 1,000, kimanin 100 suka ji rauni.

Haushin fasinja

Duk da haka, ɓacin ran fasinja ba na banza ba ne. Wani ya yi shekaru yana tara kuɗi don tasha ɗaya tak cikin goma. Ga baƙaƙen fatar Amurka da yawa, Gambiya ita ce ƙasar tsibirin Kunta Kinteh, kamar yadda Ghana take ƙasar kurkukun bayi na Elmina da Cape Coast, Senegal kuma ta tsibirin Goree. Mutumin da ya zo neman tushen kakanninsa aka ce masa ya hangi gaɓar daga nesa, ba a lallashinsa da ƙarin abinci da kiɗa a cikin jirgi.

Wani lokaci haushin kan fito fili. A Oktoban 2019, fasinjojin jirgin Norwegian Spirit da ya taso daga Southampton ta Ingila sun yi cincirindo a zauren jirgin suna ihu a mayar musu da kuɗinsu, bayan an soke tashoshi da dama saboda yanayi, ciki har da na Iceland da mutane da yawa suka sayi tikiti dominsu. Abin da kamfanin ya ba su shi ne rangwamen kashi 25 cikin 100 a wata tafiyar ta gaba.

Dalili kuwa yana cikin takardar yarjejeniyar da ke tare da tikiti, wadda ba kowa ke karantawa ba. Kamfanonin sun rubuta cewa suna da ikon sauya hanya ko soke tasha saboda tsaron lafiya. A bisa al'ada sukan mayar da harajin tashar da ba a shiga ba, da kuɗin yawon cikin gari idan ta hannunsu aka biya. Wasu kamfanonin inshora, musamman a Burtaniya, suna sayar da kariya ta musamman da ke biyan wani ɗan abu kan kowace tashar da aka tsallake.

Wato fasinja yana da takarda, yana da ofishin da zai kai ƙara, ga gadonsa da abincinsa suna nan. Mai rumfar da ya ci bashi ya cika teburi ba ya cikin yarjejeniyar kowa.

Daga bakin teku zuwa Kalley

Duk wanda ya zaga kasuwannin kayan tsaraba na Lome, Kwatano, Accra, Abijan ko Dakar ya san ba zai yi nisa ba zai ji Hausa. Zai ga sarƙoƙin azurfa masu alamar Agadas, zobba da awarwaro, takubba masu kube, jakunkuna da takalma da akwatunan fata, aikin maƙeran Buzaye da dukawan Hausa. Wannan fatauci ba na jiya ba ne. Littafin African Art in Transit na Christopher Steiner, wanda ya fito a 1994, ya bayyana rawar da Hausawa ke takawa a cinikin kayan gargajiya a Abijan, kuma fim ɗin In and Out of Africa na farkon shekarun 1990 ya bi sawun wani Bahaushe ɗan Nijar ne da ke kai irin wannan kaya har Amurka.

Da can mai saye shi ke zuwa har gida. Gidan Tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, yana da rumfunan masu sana'ar hannu a cikin harabarsa, ga kuma cibiyar masu sana'a ta Wadata. A tsakiyar gari, unguwar Kalley, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Yamai, tana maƙwabtaka da Babbar Kasuwa, inda fatake ke haɗa kaya su ɗaure. Baƙo kan sauka Yamai, ya je Kure kallon raƙuman dawa, ya haura Agadas da Tenere, ya dawo ya cika jaka da tsaraba.

Wannan kasuwa ta mutu a hankali, kowa yana gani. A Janairun 2000 masu tseren motoci na Dakar suka kwashe motocinsu ta jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar hari. An soke tseren ɗungurungum a 2008, ya koma Kudancin Amurka a 2009. Tawayen 2007 ya rufe arewa. A Janairun 2011 aka sace Faransawa biyu a wani gidan cin abinci a cikin Yamai. Ranar 9 ga Agustan 2020 aka kashe mutum takwas a yankin Kure, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Air France ya daina zuwa, ma'aikatan ƙungiyoyin waje da yawa, waɗanda su ne ragowar masu saye, suka tattara nasu ya nasu.

Tunda mai saye ya daina zuwa, sai kaya su bi shi inda yake. Ana kukan targaɗe kuma sai ga karaya: gadar Gaya da Malanville, hanya mafi kusa zuwa Kwatano, an rufe ta tun lokacin takunkumi, kuma ko da ECOWAS ta ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren ba. Matafiyi sai ya tsallake Kwara a kwale-kwale da ƙunshinsa, ko ya bi ta Burkina Faso zuwa Lome, hanyar da ta fi tsawo da haɗari. Kowace sarƙa da ta isa teburi a bakin teku ta riga ta ci kuɗin mota, kuɗin fito da na shingaye.

Ga yadda cinikin ke tafiya sau da yawa: maƙeri ya sayi azurfa, ya yi aiki, ya ba falke bisa amana, sai an sayar a aiko da kuɗi. Falken ya kai wa ɗan'uwansa mai rumfa. Idan aka ji jirgi na tafe, mai rumfa kan ƙaro kaya, ya ɗauki yaro mai jin Turanci ko Jamusanci na yini ɗaya, wani lokaci ya biya kuɗin gurbi kusa da ƙofar tasha. 'Yan jirgi ba kamar baƙin otal ba ne da za su tafi su dawo gobe. Suna da sa'o'i kaɗan, ba su da lokacin dogon tayi, shi ya sa kwalliya kan biya kuɗin sabulu a yini guda. Idan jirgin ya wuce, fasinjan zai sayi tsarabarsa a tasha ta gaba, kuɗin ya faɗa aljihun wani.

Sanarwar ma ba ta zuwa da wuri. Kyaftin kan yanke hukunci ne da dare ko da asuba, bayan ya duba hasashen yanayi ya yi magana da hukumar tasha. Wakilin kamfanin a gari shi ke fara ji, sai manyan kamfanonin rakiyar baƙi. Mai rumfa shi ne na ƙarshe, wani lokaci sai ya gama shimfiɗa kaya.

A nan ne hukumomin tashoshi da ma'aikatun yawon buɗe ido ke da abin yi, kuma ba mai tsada ba ne. Ba su da iko da iska, amma suna da iko da labari. Saƙon WhatsApp ɗaya zuwa ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da direbobi da zarar an soke tsayawa zai hana mutum ɗaukar hayar mota da ma'aikaci a banza. Wanda ya biya kuɗin gurbi na ranar jirgi kuma, adalci ne a mayar masa ko a ɗaga masa zuwa jirgi na gaba, tunda fasinjan da ya fi shi ƙarfi an mayar masa da harajin tasha. Yashe mashigar tasha da sayen jiragen ja aiki ne na maƙudan kuɗi da shekaru, amma waɗannan biyun ba sa jiran kasafin kuɗi.

Abin da ke ƙara wa asarar nauyi shi ne ƙarancin jiragen. A tsibiran Karibiyan jirgi kan bi jirgi kusan kullum, wanda ya rasa na yau zai sami na gobe. Afirka ta Yamma kuwa hanya ce kawai ga yawancinsu: suna gangarawa kudu wajen Nuwamba da Disamba idan sanyi ya shiga Turai, su hauro arewa wajen Maris da Afrilu. Wanda jirgin Afrilu ya tsallake, yana iya jira har bayan damina kafin ya sake ganin taron masu saye irin wannan. Kafin nan maƙerin da ke Yamai yana ta leƙa ofishin Nita ko Al Izza na unguwa, yana tambaya ko an turo saƙo daga Lome.