Yadda gidaje biyu maƙwabta za su yi musayar fayiloli ba tare da ƙona data ba

A Bunkure da Kura da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke bin magudanai yana shayar da shinkafa da tumatir da alkama, lissafin noma ya fara barin littafi yana komawa kwamfuta. Sakataren ƙungiyar manoma yana riƙe da sunayen mambobi da rabon taki da iri, ma'aji kuma yana riƙe da rasiɗai, kuma sau da yawa katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Duk da haka fayil ɗin da zai tsallaka katangar sai ya bi ta WhatsApp, mai turawa ya biya, mai karɓa ma ya biya. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan zagaye ya ƙara tsada. Xender na maganin wayoyi biyu da ke kusa da juna, amma ba ya samar da ma'ajiya guda da kowa zai buɗe daga ɗakinsa.

Matakin farko shi ne hanyar da za ta haɗa gidajen. Mafi sauƙi ita ce kebul ɗin kwamfuta nau'in Cat5e ko Cat6, wanda iyakarsa mita 100 ce. Ko da ƙofar rauta mai gudun megabit 100 ce kawai, bidiyon gigabait ɗaya zai wuce cikin kamar minti ɗaya da rabi, ba tare da an taɓa data ba. A saka kebul ɗin cikin bututun roba a binne shi, saboda ɓeraye da zafin rana. Sai dai jan ƙarfe na ɗaukar wuta. Idan wannan gida yana kan sola, wancan kan janareta ko wutar KEDCO, ko aka yi tsawa da damina, kebul ɗin zai iya kai ɓarna gidajen biyu a lokaci guda. Wanda ke da hali ya yi amfani da kebul ɗin gilashi, wanda haske ke bi ta cikinsa. Idan kuwa titi ko magudanar ruwa ta raba gidajen, sai a kafa na'urorin Wi-Fi biyu masu fuskantar juna, irin na TP-Link ko Ubiquiti, da sharaɗin kada bishiya ko gini ya tare tsakaninsu.

A nan ne mafi yawan masu gwadawa ke tuntuɓe. Kowace rauta tana da adireshinta, kuma ita ke raba wa wayoyi da kwamfutocin gidan nasu adireshin. Rautoci da yawa suna fitowa daga kamfani da lamba iri ɗaya, kamar 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Da zarar an soka kebul daga wannan zuwa waccan, an naɗa masu unguwa biyu a unguwa ɗaya ke nan. Wayar wannan gida za ta iya karɓar adireshi daga rautar maƙwabci, ta riƙa shan datarsa ba wanda ya sani, sai ranar da ta ƙare.

Wasu kan kashe tsarin rabon adireshi, wato DHCP, a rauta ɗaya, gidajen su zama gida guda. Yana aiki, amma layin mutum ɗaya ne zai ɗauki nauyin kowa, kuma kowace na'ura tana iya ganin kowace. Tsakanin wa da ƙani ma wannan na iya jawo magana, balle tsakanin abokan kasuwanci.

Abin da ya fi dacewa shi ne irin tsarin da manoman yankin suka sani a gona: magudana ɗaya, amma kowane fili da ƙofar ruwansa. A sauya lambar rauta ɗaya, gida na farko ya zauna a kan 192.168.1, na biyu a kan 192.168.2. Sannan a ware tsohuwar kwamfuta guda ta zama rumbun ajiya, a ba ta ƙofofin kebul biyu. Idan ɗaya gare ta, ana samun ƙaramar na'urar da ake sokawa a USB ta zama ta biyu. Ƙofa ɗaya ta shiga rautar wannan gida, ɗayar ta shiga ta wancan, kuma kada a kunna zaɓin da ke haɗe ƙofofin biyu. Kowane gida zai ga rumbun, ba zai ga maƙwabcinsa ba, kowa kuma yana kan datarsa.

A cikin rumbun, jaka ɗaya tak za a buɗe ta hanyar tsarin raba fayil na Windows, kowane mutum da sunansa da kalmar sirrinsa. Wanda aikinsa dubawa ne a ba shi izinin karantawa kawai, don kada yaro mai neman fim ya goge lissafin kakar bana. Hotunan iyali, musamman na matan gida, da takardun banki da lambobin NIN na mambobi ba su da wuri a jakar da gida biyu ke buɗewa. A riƙa kuma kwafe abin da ke ciki zuwa wani faifai na daban duk mako, a ajiye shi a ɗaya gidan, nesa da ƙurar hunturu da take toshe fankar kwamfuta.