Tudun Rairayi Ma Aji Ne

Ɗan makaranta a Gure yakan kwafi darasin gurgusowar hamada daga allo, ya haddace shi don jarrabawa, alhali abin da ake ba shi labari yana nan a bayan gari. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Shi ya sa ya kamata malamai da iyaye su ɗauki fitar da ɗalibai daji a matsayin karatu, su daina kallonsa a matsayin yawon ɓata lokaci.

Gure, wadda ke kan babbar hanyar Damagaram zuwa Diffa, tsohuwar cibiyar ƙasar Muniyo ce, kuma matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya yada zango a cikinta a 1852. Arzikin yankin yana cikin kwarurukan da ke tsakanin tuddan rairayi, irin na Kilakina. A nan ruwa ba ya da nisa da ƙasa, ga dabino da goriba, ga lambuna, a wasu kuma ana ɗibar kanwa. Tun bayan farin 1973 da na 1984, da itatuwa suka mutu, ciyawa ta ƙare, rairayi ya samu hanya, yana gangarowa yana binne gonaki da rijiyoyi.

Mutanen wurin ba su naɗe hannu ba. Sukan saro kalumbo ko rassan goriba su kafa shinge a kan tudu, layi-layi, wani na ratsa wani, don karya ƙarfin iska. Idan damina ta faɗi sai a dasa itatuwa irin su dakwara a tsakanin shingayen, a hana dabbobi shiga. Sannu a hankali ƙarangiya ta fito, rairayi ya zauna.

Wannan fili kaɗai ya isa darasin wata guda. Yara su kafa sanda a gindin tudu, su yi mata alama, su dawo bayan ƴan makonni su auna inda rairayi ya kai: ga lissafi. Su duba ɓangaren shingen da rairayi ya taru, su gano da kansu daga ina iska ke busowa. Su zauna gaban dattijon da ya san kwarin tun yana yaro, ya nuna musu inda dabinon mahaifinsa yake kafin tudu ya cinye shi: ga tarihin da babu shi a littafi. Yaron da ba ya buɗe baki a aji, sau da yawa a nan ake gane shi ne ya fi kowa sanin sunan tsiro da sawun dabba, domin ɗan makiyayi ne.

Manyan ɗalibai kuwa, duwatsun Kutus da ke wajen Kelle sun dace da hawa da kwanan zango, irin tarbiyyar ƴan sikawut da aka faro a Ingila a 1907: girki da hannunka, raba ruwa daidai, jiran wanda ya gaji. Gandun namun daji na Termit da Tin Tumma, da aka kafa a 2012, ya yi wa yara nisa, sai dai a gayyato jami'an gandun daji su zo su yi musu bayaninsa.

Amma fita ba a yin ta da ka. Lokacin ɗari ya fi dacewa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a tashi da sassafe a dawo kafin azahar. A nemi yardar iyaye, a sanar da maigari da hukuma. Kowane yaro da gorar ruwansa da takalmi rufaffe saboda kunama da ƙaya. Malama ta raka ƴan mata. A ƙirga yara wajen tashi, a sake ƙirga su wajen dawowa.

Tun 1975 Nijar ke bikin dashen itace kowace ranar 3 ga Agusta, lokacin da makarantu ke hutu. Idan ɗalibai suka reni irin itatuwa a harabar makaranta tun da rani, ranar nan kowa zai fito da nasa ya dasa, kuma ba sai an roƙe shi ya kare shi daga awaki ba.