Bidiyonka na farfashewa? Ga bambancin matsa ta zagaye ɗaya da ta zagaye biyu

A Burkusuma da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa, tura bidiyo ba ƙaramin aiki ba ne. Sabis ya zo ya ɗauke, data ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kuma jama'a ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Dole dai a matse bidiyo ya ƙanƙance kafin ya tafi. Amma idan ya isa fuskoki sun yi dishi-dishi, hoto ya farfashe kamar gidan dara, to an yi asarar data, kuma wanda ke Legas ko Maraɗi yana jiran ganin halin da gida ke ciki bai ga komai ba.

Ka ɗauki manhajar matse bidiyo kamar mai rabon tuwon biki. A zagaye ɗaya, tana zuba wa duk wanda ya miƙo kwano ba tare da ta san mutum nawa ke tafe ba. A zagaye biyu kuwa, sai ta fara leƙa taron ta ƙirga, sannan ta dawo ta raba. Haka manhajar take yi: karon farko ta kalli bidiyon daga farko har ƙarshe tana lura da wuraren wahala, karo na biyu ta raba ma'aunin data yadda ya dace.

Wuraren wahala su ne masu motsi. Dattijo zaune yana jawabi, bango a bayansa, ba ya cin komai. Filin kokawa fa? Ƙura ta tashi, makaɗa na juyi, mai ɗauka ma hannunsa na rawa. Nan ne bidiyo ke neman data da yawa, nan ne kuma matsar zagaye ɗaya mai ƙayyadadden ma'auni ke yawan ba da kunya, don ta riga ta ɓarnatar da rabo a kan bangon dattijo.

Lissafin ba wuya. Bidiyon minti 3 a kan kilobit 700 duk sakan, har da sauti, zai ba ka kusan megabayit 16. Idan iya abin da datarka za ta ɗauka ke nan, zagaye biyu ne zai fitar maka da hoto mafi kyau cikin wannan girman. Manhajojin kwamfuta na kyauta irin su HandBrake da FFmpeg duk suna yi.

Sai dai yana cin lokaci, wani zubin kusan ninki biyu, ga cin caji, a garin da ake biyan kuɗi kafin a cika batir. Ba ya kuma yiwuwa a shirin kai tsaye na Facebook ko TikTok, tunda ba a leƙa abin da bai faru ba tukuna.

Akwai wata hanyar zagaye ɗaya da ake kira CRF, inda kai za ka zaɓi kyawun hoto, manhaja ta yanke girman fayil. A FFmpeg lambar da ke zuwa da ita 23 ce; ka rage lambar hoto ya ƙara kyau, fayil ya ƙara nauyi. A girma iri ɗaya, da ƙyar ido zai bambanta ta da zagaye biyu. Matsalarta guda ce: ba ka san megabayit nawa za ta ba ka ba sai ta gama. Ni dai a ganina, mai isasshiyar data ya bi CRF, mai ƙirga kowane megabayit ya bi zagaye biyu.

Kuma bayan duk wannan wahala, kada ka tura shi a WhatsApp a matsayin bidiyo, don zai sake matse shi da kansa. Tura shi ta wajen da ake tura takardu, zai isa yadda ka fitar da shi.