Kwamfuta Ɗaya, Masu Gida Biyu: Hattara Da Sauya Tsarin Faifai

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Wannan al'amari kuwa ya shafi garuruwa irin su Suleja ta Jihar Neja, inda ɗalibai da ma'aikatan da ke sammako zuwa Abuja suka dogara da kwamfutoci na hannu, waɗanda da yawansu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wata mafita ita ce a raba faifan ajiya gida biyu, a bar Windows a gefe guda, a saukar da Linux a ɗaya gefen.

To, a nan gizo ke saƙa. Kowane ɓangare na faifai yana da tsarin da yake rubuta inda kowace takarda take, tamkar rajistar magatakarda. Windows yana aiki da NTFS, wanda ya fito a 1993. Linux kuwa galibi da ext4, wanda ya kankama a 2008. Linux yana karanta NTFS, amma Windows ba ya gane ext4 da kansa, har yakan yi wa mutum tayin ya yi wa ɓangaren fomatin. Wanda ya amsa, ya share rajistarsa ke nan, da kundin digiri da hotunan biki duka.

Babu amintacciyar hanyar mai da NTFS ext4 alhali kaya na ciki. Tilas a kwashe su zuwa wani faifai, a buɗe a tabbatar sun isa lafiya, sa'an nan a yi fomatin, a komo da su. Daga FAT32 zuwa NTFS ne Windows yake da umurnin sauyawa ba tare da shafewa ba, shi ma tafiya ce ba komowa.

Har ila yau, fomatin yana sauya lambar shaidar ɓangaren, watau UUID. Idan ba a gyara ta cikin fayil ɗin fstab ba, Linux na iya cijewa wajen tashi. Akwai kuma ɗan ƙaramin ɓangare na EFI da kwamfuta ke tashi daga gare shi. Wannan kada mai gyara ya taɓa shi, komi gwanintarsa. Kafin a soma ma, a kashe Fast Startup na Windows, domin kuwa yakan bar NTFS a kulle.

Ga ɓangaren da masu gidan biyu za su yi tarayya a kai, wasu sun fi son exFAT, tunda FAT32 ba ya ɗaukar fayil mai girman gigabait 4. Amma exFAT ba ya ajiye littafin lura da rubutun da ake cikin yi, kamar yadda NTFS ke yi. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, a ganinmu NTFS ya fi.